Sunan da Ruwa ya Cinye

A gindin kwalin busasshen kifi na tsince shi,
cikin kawunan da Jatau ya sayo daga Kano:
kaset, yana warin gishiri da doguwar tafiya.
Ruwa ya riga ni karanta sunan mai shi,
ya bar mini harafi uku da rabin fuska,
farin gemu, ido ɗaya yana duban gefe.

Malam Ilu na firamare ya buɗe takardar a hankali.
Ya ce, "Mutumin Aislan ne, wani tsibiri.
Ba ya kaɗawa, rubuta kiɗa yake yi
kamar wasiƙa, wasu su karanta da goge da ƙaho."
Na ce, yaya za a zuba kiɗa a takarda bai tsiyaye ba?
Ya ce, "Ɗan masunci ne. Da rana akawun gangunan kifi,
da dare fitila da alƙalami.
Shekara ashirin da shida
kafin a sami masu kaɗa masa shafi ɗaya."
Sauran labarin ya narke, sai shuɗin tawada.

Daren Talata, da na kashe injin ban-ruwa,
na sa batir sababbi,
na zauna a bakin fangalin albasa.
Da fari shiru. Har na zagi Jatau.
Can sai wani abu ya taso daga ƙasa,
kamar bijimi yana nishi a gindin rijiya,
sai siraran tsirkiyoyi suka bi bayansa
ɗaya, ɗaya,
yadda kirinjijiya ke sauka a fadamar Baturiya
idan ba ta yarda da mutum ba.

Na jira amshi, babu amshi.
Na jira ya kira sunan wani mai kuɗi, bai kira ba.
To wa zai yi masa kari?
Wa zai ba shi riga?

Ban taɓa ganin teku ba.
Ƙanƙarar da na sani ta 'yan zoɓo ce,
a nannaɗe da buhu, tana kuka a kasuwar Haɗeja.
Amma na ji ƙasar da rana ke leƙowa da hantsi
ta koma kafin la'asar kamar baƙuwa mai kunya.
Na ji dutse yana tafasa a ƙarƙashin sanyi.
Na ji mace a tsaye a bakin gaɓa,
miya ta huce sau uku.

Na kai wa Baba Tsalha,
wanda gogensa ke rataye tun da hannu ya fara rawa.
Ya saurara har ƙarshe, goro a kunci bai tauna ba.
Ya ce, "Tsirkiyarsa ta yi yawa,
amma wannan ya taɓa jiran jirgin da bai dawo ba."
Ban ce komai ba.
Shi ya yi wa yayana Barmo wanka
shekarar da kogi ya dawo mana da gorarsa
kwana biyu kafin ya dawo da shi.

Da bazara zaren ya tsinke.
Hansatu ta ba ni jan farcenta, na liƙe,
na yanke abin da ya kai ɗan yatsa.
Yanzu a daidai inda ƙahonin ke hawa
akwai rami, numfashi guda,
kwaɗin kacalla su ke cike shi.
Ban san ko zai yafe ba.
Ina zaton zai karkata kai, ya ce a maimaita.

Tsuntsayen sanyi sun fara haramar arewa.
Malam Ilu ya ce ba lallai su kai can ba, da nisa.
Duk da haka jiya na ƙure murya,
na ɗora rikoda a kan karagar tumatir,
na koma na buɗe wa albasa ruwa.